Ɗumin Sitiyarin Malam Badaru

Ni na ɓata sitiyarin motar Baba, kuma da kyakkyawar niyya na ɓata shi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da sakaci ne, da na ba da haƙuri an wuce wurin. To kyauta na yi, har ina tsaye ina jiran a sa mini albarka.

Mahaifina Malam Badaru ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya. Wata biyu kacal ya yi a gida ya fara faɗa da kajin Inna. Ganin haka Yaya Abdullatif, babban wanmu da ke zaune a Katsina yana shigo da motoci daga Kwatano, ya kawo masa wata tsohuwar mota ruwan toka, wadda aka ce ta yi ƙuruciyarta a wata ƙasa mai ƙanƙara. Tun daga nan, kullum bakwai saura kwata Baba yake kwasar ma'aikata huɗu daga Kusada ya kai su Kankia, da la'asar ya dawo da su. Ina cikinsu, don a wata firamare nake koyarwa a Kankia, kuma kujerar gaba tawa ce, ba mai taɓa mini ita.

Daga wannan kujera nake kallon fatar sitiyarin kullum. Ta tsufa, tana ɓarewa, tana manne wa mutum a tafin hannu. Da aka yi hutun Babbar Sallah sai na ce wa Baba maigidana zai ari motar, muka kai ta wurin Ɗanmaliki baduku a bakin kasuwa. Na ce ya yi wa sitiyarin riga ta jar fata, irin ɗinkin da ba zai taɓa zamewa ba.

Ɗanmaliki ya shafa sitiyarin ya ce, "Malama Ma'u, in kina so kada ta zame, sai hwa in soka basilla hal cikin tsohuwar hwatar in haɗe su wuri guda."

Na ce ya soka. Da bakina na faɗa, har na ƙara da cewa ya matse da kyau. Ya kuwa matse, ya zagaye sitiyarin kaf da ɗinki ƙanana masu kyau, har da ɗan ado na kore a ƙasa.

Baba ya duba, ya shafa, ya ce Allah Ya yi albarka. Na so a ce ya ƙara wani abu, amma dama shi ba mai yawan magana ba ne.

Ranar da aka koma aiki an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Muka shiga mota. Akwai wani ɗan makunni kusa da giya wanda Baba yake dannawa kowace safiya bayan ya yi bisimilla, sannan ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari ya yi ta lazimi na kamar minti biyar kafin mu tashi. Shekara uku ina ganin haka, na ɗauka duk cikin lazimin ne. Ran nan ya danna, 'yar fitilar ta kawo ta ɗauke. Ya sake dannawa. Ya danna na uku da ƙarfi. Sannan ya ja mota.

Mun kusa shiga Kankia ya zo kauce wa wani rami cike da ruwa, sai sitiyarin ya kufce masa. Motar ta sauka daga kwalta ta nufi gonar gero, ta tsaya tayar gaba a cikin kunya. Funke, malamar asibitin da ke zama a bayana, ta ƙwala ihu ta riƙe mini wuya. Ba wanda ya ji ciwo. Baba ya ce sabuwar fatar ce take da santsi, kowa ya juyo ya kalle ni.

Da yamma na shiga gida in ce masa zan sa a cire fatar. Na same shi a zaure shi kaɗai, hannuwansa biyu a cikin kwanon ruwan zafi. Ya yi yunƙurin ture kwanon da ƙafa, ya ga na riga na gani.

Ya ce, "Zamna, ɗiyata." Ya ciro hannun ya nuna mini. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura. Ya gwada dunƙule su, suka tsaya a rabin hanya. "Shekara ukku ke nan. In an yi sanyi ko an yi ruwa, da sahe ba su ruhuwa. Wanga makunni da kika ga ina taɓawa, ɗumama sitiyarin shi kai. In na riƙe shi kaɗan sai su saki. Yanzu ya mutu."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In hwaɗa ma wa? Kada ki bari wancan shi ji." Baba ba ya kama sunan Yaya, ɗan fari ne, sai dai wancan ko mutumin Katsina. "Kowace Sallah maganar tashi guda ce, in huta, in huta. In ya ji wagga magana makullin zai amshe. Ki yi mani alkawari."

Na yi masa alkawari. Na fito ina jin kamar in je in kama Ɗanmaliki da kokawa, sai na tuna wanda ya ce a soka.

Washegari bayan ya sauke mu na karɓi makullin na kira Dawuda mai wayarin mota, ya zo ya ja ta zuwa wurinsa a bayan tasha. Ya cire kan batir, ya kwance sitiyarin, ya farke ɗinkin Ɗanmaliki a wuri ɗaya ya ɗaga tsohuwar fatar. A ƙarƙashinta akwai wasu wayoyi sirara kamar gashi, an shimfiɗa su sun zagaye sitiyarin. Duk inda basilla ta shiga ta tsinka ɗaya.

Ya ce, "Kai! Wane mugu ne ya yi wannan aiki?"

Na ce ba tarihi na zo ji ba, ya gyara.

"Ba shi gyaruwa, Malama. Ko wata guda zan yi ina haɗi ba ni gamawa. Amma mi za ku yi da shi? Ɗumi ne hwa kawai. A Kankia! Mu da muke sa tsumma mu riƙe sitiyari in rana ta yi." Ya kira maƙwabcinsa mai faci ya zo ya ga motar da ake hura wa sitiyarinta wuta, suka yi ta dariya.

Na tsaya ina kallonsu, amsar tana bakina, ba halin in faɗa. Na ce ra'ayi ne, haka nake so. Dawuda ya ce to sai dai sabon sitiyari, in je wurin Edwin. Ya mayar da tsohon ya ɗaure, don Baba ya samu na dawo da mu.

Edwin yana sayar da kayan mota a Kankia tun ina 'yar sakandare, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan garin. Ya ɗauki hoton sitiyarin da waya ya tura wa wani dilansa a Kano. Na ce masa mai ɗumi nake so. Na faɗa sau uku. Ya ce, "Malama, na ji. Jibi yana nan."

Jibin ta zama kwana biyar. Kwalin ya iso, muka buɗe, ga sitiyari kamar an tsaga kara da namu, fatarsa ma ta fi kyau. Har na fara hamdala. Dawuda ya juya bayansa, ya juya bayan tsohon, ya ajiye su gefe da gefe. Tsohon yana da wani ƙarin filogi mai ƙafa biyu da wayoyi masu kauri. Sabon ba shi da komai a wurin, sai roba a shafe.

Edwin ya kira mutumin Kano ya buɗe muryar don in ji. Mutumin ya ce, "Ai guda biyu gare ni. Ɗayan yana da wata wayar banza ta ƙasar sanyi, sai na zaɓa muku mai lafiyar. Katsina fa ka ce mini. Taimakonku na yi."

Na karɓe wayar na ce wa ya roƙe shi taimako? Ya aiko da mai wayar banzan yau ɗin nan. Ya ce ai jiya wani ya saya, shi ma sai da ya sa aka yanke wayar kafin ya tafi da shi. Na miƙa wa Edwin wayarsa tun kafin in faɗi abin da bai dace da malamar makaranta ba.

Edwin ya ce kada in damu, yana da ɗan'uwa a Legas. Aka sake ɗaukar hoto, wannan karon har da bayan. Aka ce mako guda.

A cikin wannan jiran ruwa bai ɗaga mana ƙafa ba. Manoma suna ta godiya, gero ya yi baƙi ƙirin a hanyar ƙauyen Boko, ni kuwa duk safiyar da na ga hadari sai gabana ya faɗi. Baba ya koma shigowa mota da kofin shayi mai zafi, ya rungume shi da hannu biyu ya ƙi sha. Muka koma tashi bakwai da kwata, sannan bakwai da rabi. Yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Funke ta yi lattin karɓar aiki sau biyu, a na uku ta ba Baba haƙuri cikin ladabi ta koma hawa acaɓa. Tun daga nan kullum sai ya kalli kujerarta ta madubi.

Na Legas ya iso bayan kwana tara. Na bar aji a hannun wata malama na tafi da sauri. Dawuda ya juya bayansa, ga filogi, ga wayoyi masu kauri. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi. Ya kai shi jikin motar ya gwada, ya juya, ya sake gwadawa. Filogin ƙafa huɗu gare shi, na motarmu rami biyu ne. Ashe na ƙanwar motar ne, wadda aka ƙera bayan tamu da shekara biyu.

Dawuda ya zaro wuƙarsa ya ce, "Abu mai sauƙi. In yanke wanga, in yanke wancan, in murɗe su in naɗe da salatif. In bai yi ba mu juya wayar."

A nan na fashe. Na ce kowa a ƙasar nan da wuƙa ko basilla a hannunsa, kowa jira yake a ce ya yanka! Na ce a tsakiyar sitiyarin nan akwai jakar iskar da ke fashewa a fuskar direba, kuma fuskar ubana ce a wurin, ba wanda zai yi mini gwaji a kai. Mai faci ya bar facinsa ya zo kallo. Dawuda ya mayar da wuƙarsa aljihu yana cewa shi dai shawara ya bayar.

Edwin ya bari na huce, sannan ya ce, "Malama, laifina ne. Irin wannan kaya ba a sayensa da hoto. Zo ki gani." Ya nuna mini wata doguwar lamba a ƙasan gilashin gaba, lambar jikin motar, wadda suke ce wa casis. Ya juya tsohon sitiyarin ya goge wata 'yar farar takarda da ke manne a bayansa, ita ma da lambarta. "Da waɗannan biyun ake tambaya. In lamba ta yi daidai, kaya ya yi daidai."

Na ce to tun farko me ya hana a yi hakan? Ya ce shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a, ba wanda ya taɓa neman sitiyari mai ɗumi a wurinsa, yawanci cewa ake a kashe shi.

Aka tura lambobin Kano, aka tura Legas, aka tura wa wani a Kaduna. Kowa ya ce babu. Edwin ya ce sai dai wurin masu kwance motoci a Kwatano, can ne irin waɗannan suke sauka. Ya dube ni ya ce, "Ai kuwa yayanki can yake zuwa duk wata. Kira ɗaya ne." Na ce a'a, ya dai ci gaba da nema. Ya ɗaga kafaɗa, na san a ransa yana cewa matar nan ba ta da lafiya.

Ranar Talata aka wayi gari da yayyafi. Muka shiga mota, mu uku da muka rage. Baba ya zura makulli, ya kama zai murɗa, yatsun suka ƙi. Ya gwada da ɗayan hannun. Ya ɗan yi tari, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Ma'u, murɗa mani wanga abu, ya cika tauri yau." Na miƙa hannu na murɗa, motar ta tashi nan take. Mutanen baya suna ta hirar taki, ba su lura ba. Duk hanyar nan idona yana kan hannunsa, na ƙudurta a raina in ya sake kufcewa ni zan cafke sitiyarin, ni da ban iya tuƙi ba.

Da aka fita tara na zagaya bayan aji na kira Yaya. Na shirya ƙaryata tsaf. Na ce na sa an yi wa sitiyarin Baba ɗinki ya lalace, kunya nake ji, ina so in mayar masa da irinsa sak, ga lambobi zan turo. Na ce sak fa, har da wani ɗan filogi da ke baya, don Baba ba ya son a canza masa abu.

Yaya ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Hannun nashi ne ko?"

Na ce wane hannu?

"Ma'u, bar wannan. Tun ranar da aka yi mashi walimar ritaya na ga bai iya riƙe cokali da sahe. Mi kike tsammani ya sa na kawo mashi waccan tsohuwar? Akwai waɗanda suka hi ta kyau guda goma a gabana. Sati ukku na yi ina leƙa motoci ina neman mai wanga makunni. Da na kawo na ce mashi na gyaran rediyo ne, kada shi damu da shi, don na san in na ce kada shi taɓa sai ya taɓa."

Na jingina da bango. Wata guda ina yawo tsakanin Dawuda da Edwin, ana yi mini dariya a bayan tasha, ina rufe abin da mutumin nan ya sani tun kafin ni. Na ce masa wallahi shi da Baba duk halinsu ɗaya, sun iya wahalar da mutum. Na ce to maganar ya huta da yake yi duk Sallah fa?

"Ina hwaɗi ne ko Allah zai sa shi ajiye da kanshi. Ban son in zama ni na amshe." Ya numfasa. "Turo lambobin. Zan sa a kai shagon Edwin, ki ce shi ya samo. Amma ki ji ni da kyau. Yana ɗaukar mutane, ba shi kaɗai ba ne a motar. Ke ce a gaba kullum, ke kike ganin hannun. Ranar da kika ga ɗumin ya daina isa, ki kira ni. Ki yi mani alkawari."

Na ce shi ma alkawarin? Ya ce eh. Na yi masa, don ban ga yadda zan ƙi ba.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Kwalin ya iso shagon Edwin an naɗe shi da tsohon bargo. Kafin kowa ya taɓa, na sa Edwin ya karanto lambar takardar baya ina bin tawa da yatsa, harafi bayan harafi. Ta yi daidai. Filogin ƙafa biyu ne. Dawuda ya cire kan batir, ya jira, ya ɗaura sitiyarin, filogin ya shige da 'yar ƙara. Da aka tayar da motar ya danna makunnin, fitilar ta kawo ta zauna. Ya ɗora tafinsa, can ya ce, "Ikon Allah, kamar an sauke tuwo." Mai faci ma sai da ya zo ya taɓa. Tsohon sitiyarin da jar rigarsa na sa shi a but ɗin motar, ban san me zan yi da shi ba.

Baba ya yi wa Edwin godiya har da riƙe masa hannu. Edwin ya karɓa bai ko ƙifta ido ba.

Washegari na riga kowa fitowa. An yi ruwa da asuba, ƙasa a jiƙe, iska mai sanyi tana kaɗawa. Na shiga na zauna a kujerata. Baba ya yi bisimilla, ya murɗa makullin da tafin hannu, ya danna makunnin, ya ɗora hannuwansa. Muka jira. Ina kallo yatsun hannun dama suka fara lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya har suka zagaye sitiyarin. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki yadda na yi sama da wata guda ban gani ba. Na hagu ma suka bi, babban yatsa, manuni, na tsakiya. Biyun ƙarshe suka tsaya a miƙe. Minti biyar ta wuce, ta zama bakwai, suna nan a miƙe. Ya matsa su da gefen ɗayan hannun, suka lanƙwasa, da ya saki suka koma.

Ya ɗago ya ga inda nake kallo. Ya zame hannun hagun zuwa ƙasan sitiyarin, inda hannun rigarsa zai rufe shi.

"Ya yi daidai," in ji shi. "Kamar na da. Allah Shi yi maki albarka." Ya gyara madubi. "Wancan dai bai ji komi ba ko?"

Wayata tana cikin jaka a kan cinyata, na ɗora hannu biyu a kanta. Ta gilashi na hango Funke tana tahowa da lema, jiya na aika mata cewa mota ta warke. Tana murmushi tana ɗaga wa Baba hannu.

Na ce, "Baba, buɗe mata ƙofa, ruwa zai sake saukowa."